Gidan da Nasidi Ya Gina a Cikin Waya

Ban daɗe da fita takaba ba wayata ta suɓuce daga haɓar zanina ta faɗa cikin robar gasara. Tsohuwar waya ce, fuskarta duk tsaga, ba ta kai a yi mata kuka ba. Amma a cikinta akwai muryar mai gidana, Malam Imrana, Allah Ya jiƙansa. Saƙo ne da ya aiko mini daga asibiti a Gusau gab da cikawarsa. Ba wata babbar magana ba ce. Cewa ya yi ya hango hadari ta taga ya nufo Ƙaura, in shigar da kaji da wuri. Shi ke nan. Amma ita kaɗai ce muryarsa da ta rage mini a duniya.

Kunu da ƙosai nake sayarwa a bakin layin masu gyaran waya, kusa da kasuwar hatsi ta Ƙaura Namoda, saboda haka duk na san su. Na zaɓi Nasidi don shi ne ba ya kiran mutane da ihu. Ya buɗe wayar, ya goge cikinta da ɗan buroshi, ya shanya ta, ya ce in dawo gobe. Washegari ta tashi. Da wani ne, da ya danna saƙon ya ƙure murya don layin duka su ji ya iya aiki. Shi kuwa sai ya ciro abin kunnensa, ya goge shi da bakin riga, ya miƙo mini. Ya danna, sannan ya juya kujerarsa ya fuskanci titi. Bai waiwayo ba sai da na gama share fuskata da mayafi.

Tun daga ranar na fara lura da shi.

Nasidi ɗan wani ƙauye ne gaba da Gurbin Bore, a ƙasar Zurmi. Mahaifinsa manomin gero da dawa ne, ya rasu tun Nasidi yana sakandare. Karatun kwamfuta ya kawo shi kwalejin fasaha ta Ƙaura, wadda ake kira foli, gyaran waya kuma ya koya don ya riƙe kansa, da ya gama karatun aiki bai samu ba sai gyaran ya riƙe shi. Dogo ne, siriri, ba ya son a taɓa masa kayan tebur. Ƙananan kusoshin waya a kan mayen ƙarfe na wata tsohuwar rediyo yake jera su. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, idan saƙo ya shigo wayar da yake gyarawa, sai ya kifa ta har hasken ya ɗauke. Matan aure kan bar masa wayoyinsu a buɗe su shiga kasuwa. A layin nan masu hannu da yawa ne, har akwai waɗanda suka fi shi saurin aiki. Shi amana ce jarinsa.

Yana da taurin kai, wannan ma ba zan ɓoye ba. In ya ce abu daidai ne, ko za a kwana ana yi ba ya sauka.

Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, ƙauyen ya watse. Mahaifiyarsa ta koma gidan ƙanenta a Shinkafi. Bayan ƙura ta lafa Nasidi ya rufe teburinsa ya tafi kwaso mata abin da ya rage. Ya dawo da faifai ɗaya da buta. Bai ce wa kowa komai ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na gani dai, tun daga lokacin, da zarar ba mai gyara sai ya ɗora tsohuwar kwamfutarsa a cinya ya duƙufa. Har kunun da na zuba masa yakan yi sanyi ya kafe a kofi. Watanni yana haka.

Wata rana bayan azahar, kasuwa ta yi tsit, ya matso da kujerarsa kusa da murhuna.

"Gwaggo, wani abu na haɗa. So nake ki gwada."

"Mi ne ne?"

"Wasa ne na waya. Gem. Na ban tsoro."

"Kai, Nasidi! Tsoron da ke gari bai ishe mu ba sai ka ƙera mana wani?"

Ya yi murmushi. "Samarin foli duk sun gwada, amma su komi anka ba su cewa suke ya haɗu. Ke ce ba ki iya ƙarya."

Na goge hannuna na karɓa. Sunan wasan Masu Gida. Mutum ne a ciki, bayansa kake gani, da koɗaɗɗen kaftani, tsaye a ƙofar wani gidan ƙasa. Da babban yatsa ake tura shi. Abin da na fara lura da shi, rana ce tsaka a cikin wayar, tar, inuwar mutumin ta taru a ƙarƙashin ƙafarsa. Na ɗauka abin tsoro sai da duhu. Ba kiɗa. Iska ce kawai ke kaɗa zana, sai ƙofar kwano tana ɗan kuka, sai kurciya can nesa. Na jima kafin in gane abin da ke damuna. A ƙauye, a irin wannan lokaci, ba a rasa ƙarar daka, ko kaza, ko yaro yana kuka. Nan babu ko ɗaya. Nasidi bai sa abin tsoro ba tukuna, cire abubuwa kawai ya yi, amma tsigar jikina ta tashi.

Sai rubutu ya fito cewa in yi sallama. Ba dannawa za ka yi ba, da bakinka za ka faɗa, wayar tana saurare.

Na ce, "Salamu alaikum." Shiru. Na sake. Shiru. Na yi ta uku, na ɗan ɗaga murya yadda ake yi in ana zaton masu gida suna can ƙurya. Kurciyar ma ta yi shiru.

Na miƙa masa wayarsa. "Ba kowa. A koma."

Ya dube ni. "Ba a komawa, Gwaggo. Gaba ake yi."

"Sallama uku ba a amsa ba, ai sai a juya. Wa ya koya maka faɗa wa mutane gida?"

"Ban yi hanyar komawa ba."

"To don mi?"

Ya ɗauki wani ƙaramin sukundireba yana juya shi a hannu. "Gidanmu ne," ya ce. "Ranar da na je, na san ba kowa. Amma bakina ya saba. Na yi ukun, na shiga."

Na karɓi wayar na tura mutumin cikin zaure.

Abin da ke tsakar gidan ba zan manta ba. Turmi a kwance, taɓarya can gefe. Igiyar shanya da zani ɗaya a kai. Toka a murhu, tukunya a kife. Takalmin yaro ƙafa ɗaya. Duk abin da ka matsa kusa da shi sai mutumin ya tsaya ya daɗe yana kallo, ba ka da ikon hanzarta shi. Da muka isa ƙofar wani ɗaki mai labule, na tura ya ƙi tafiya. Na sake turawa. Sai ya juyo. Ya dubo ni, ni da ke zaune a bakin kasuwa, muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa:

"Kai mai riƙe da ni, kana inuwa, ni ina rana. Ɗakin uwata ne wanga. Kada ka sa ni buɗe shi."

Na yi salati, wayar ta kusa faɗa mini cikin mai. Wasan ya san wasa ne. Mutumin ya san wani ke tura shi, ya kuma san don nishaɗi ake tura shi. A nan ne ƙarfin abin yake. Sai na tuna yadda muke taruwa a kan duk wanda ya gudo daga ƙauye, muna cewa ya ba mu labari, ya sake ba mu, wai jaje muke yi, alhali rabin abin son jin ƙwaƙwaf ne. Da yake ba hanyar komawa, na tura shi. Ya ɗaga labulen. Ba komai a ɗakin sai gadon ƙarfe ba katifa. Wannan ya fi ko wane abu nauyi.

Sai kuma Nasidi ya ɓata rawarsa da tsalle. Muna fitowa, wani baƙin abu mai jajayen idanu da haƙora zaƙo-zaƙo ya yi tsalle daga cikin rumbu yana gurnani. Dariya ta ƙwace mini har masu gyara suka waiwayo.

"Wanga kuma bunsurun wa ne?"

"Dodo ne, Gwaggo," ya ce, ransa a ɗan ɓace. "Kowane gem na tsoro yana da shi. In babu, ba wanda zai yi."

"Abin da ya kore ku gida jajayen idanu gare shi?"



Akwai wasu kurakuran. Ƙafar mutumin takan shige cikin katanga. Sannan Nasidi da kansa yakan katse wasan da rubutu. Na farkon ya yi mini daɗi, inda ya ce, ni ne na zana ɗakin nan, amma na manta launin labulen, ku yi haƙuri, shuɗi na sa. Wannan ya taɓa ni, don na san yadda mantuwa ke cin abin da mutum ya fi so. Amma sai ya yi ta yi, nan bayani, can ban haƙuri, rabi da Turanci, har sai da ya karanta mini wasu don karatuna bai kai can ba. Na ce masa mai ba da labari in ya cika sa baki, labarin yakan gudu ya bar shi. Gajere ne kuma, kafin kofin kunu ya huce ka kai ƙarshe. Samari suna kuka da wannan. Ni ban ga laifinsa ba, gidan da ba kowa ai ba a daɗewa a cikinsa.

Ƙarshen ne maganar.

Mutumin ya koma tsakar gida ya tsaya. Sai wayar ta yi wata ƙara, fuskarta ta tsattsage kamar an taka ta, ta yi baƙi ƙirin. Wani rubutu ya gifta: an goge komai. Na danna nan, na danna can, ba motsi.  Na ce, "Innalillahi, Nasidi, na kashe maka waya!"

Ya karɓa yana dariya, ya kai ta bakinsa ya ce, "Salamu alaikum." Nan take ta haskaka, lafiya lau. Ya nuna mini wani ɗan rubutu can ƙasa cikin baƙin, siriri kamar ƙafar tururuwa, wai shi ke gaya wa mutum ya sake yin sallama.

"Shi ne zuciyar wasan," ya ce. "So nake mutum ya ɗanɗana, ko na ɗan lokaci ne, yadda ake ji in an wayi gari komi naka ya tahi."

Gaskiya na ɗanɗana, dabarar ta yi aiki. Amma raina bai kwanta ba. Na ce masa a islamiyya an koya mana bai halatta a firgita Musulmi ba, ko da wasa ne.

"Wanda ya buɗe wasan tsoro ai ya yarda a tsorata shi, Gwaggo."

"Ya yarda ka tsorata shi da gidanka. Bai yarda ka tsorata shi da wayarsa ba."

Ya ce zai duba. Na san irin wannan zan duba ɗin. Bai canza ko ɗigo ba, ya sake shi haka.

Wasan ya bazu daga waya zuwa waya, daga ɗaliban foli zuwa masu babur da masu keke napep. Sai ka ga ƙato zaune a kan babur yana rafka wa wayarsa sallama, mutane na wucewa suna amsawa. Ba a jima ba aka fara kawo matattun wayoyi layinmu, don ba kowa ke ganin ɗan rubutun nan ba, wani ko ya gani ba ya iya karanta boko. Nasidi kan karɓa ya ce salamu alaikum, waya ta farka, mai ita ya buɗe baki. Ba ya karɓar ladan komai a kai. Da farko abin dariya ne. Maƙwabcinsa na tebur yakan ce, "Ku kai wa Malam Nasidi, shi wayoyi ma gaisawa suke da shi." Daga baya dariyar ta fara canza launi. Wasu suka ce akwai abin da yake karantawa a ɓoye. Wasu suka ce shi ya ƙera cutar don a san shi da magani.

Sai abin Bilyaminu ya faru.

Bilyaminu mai keke napep ne, mutum mai fara'a, kullum da safe a wurina yake karyawa. 'Yarsa Salma ta rasu da damina, zazzaɓi ne, ba ta kai shiga makaranta ba. Hotunanta duka a wayarsa suke. Yana jiran fasinja a bakin tasha ya yi wasan, wayar ta yi baƙi, ya ruɗe. Bai zo layinmu ba, ya faɗa wurin wani mai gyara da ke kusa da shi. Shi kuma, yadda ya saba yi wa duk wayar da ta ƙame, bai tsaya dubawa ba ya yi mata filashin, wato ya wanke ta tas ta koma kamar sabuwa. Ƙaryar da wasan ya yi sai ta zama gaskiya. An goge komai.

Ina juya ƙosai na ga keken ya tsaya da ƙarfi. Bilyaminu ya sauko, ya ajiye wayar a teburin Nasidi a hankali, wannan hankalin ya fi ihu ban tsoro.

"Yi mata sallamar," ya ce.

Nasidi ya ɗauka, ya duba, na ga fuskarsa ta sauya.

"Na ce ka yi mata sallama! Ba kai ne mai tashin matattu ba? Taso mini da ɗiyata!"

Layin ya cika. Nasidi ya fara cewa akwai rubutu a ƙasa, da an karanta. Wani daga cikin taron ya ce, "Ji shi! Laifin namu ne da ba mu je foli ba." 

Alhaji Faruku, shugaban masu gyara na layin, dattijo ne da ya fara da gyaran rediyo tun kafin a san waya. Ya kore taron, ya zauna a bencina, ya kira Nasidi.

"Mu nan mi muke sayarwa?" ya tambaye shi. "Ba batir ba ne, ba gilashi ba ne. Mutum ya ba ka wayarsa, ya ba ka cikin ɗakinsa. Yau kai ne kake sa wa mutane abin da ke yi musu ƙarya a aljihu. Ko ka cire ƙaryar nan daga wasanka, ko ka ɗauke teburinka daga layin nan. Shi kuma wanga bawan Allah, ka san yadda za ka yi da shi."

Ko ba a kore shi ba, layin ya riga ya kore shi. Kwanaki ina kallon teburinsa, ba mai tsayawa. Matan da ke bar masa waya a buɗe sai su wuce kai a sunkuye, su miƙa wa na gaba. Wata ta tsaya sayen ƙosai, na ji tana ce wa 'yar'uwarta, "Wanda ya iya sa waya ta ji sallama, wa ya san mi kuma take ji?" Kusoshin suna nan jere a kan mayen ƙarfe, ba abin ɗaurawa.

Nasidi ya yi ta ƙoƙarin dawo da hotunan daga cikin wayar Bilyaminu, bai samu ko ɗaya ba. Sai ya je gidan Bilyaminu, ya tsaya a zaure, ya roƙi a tambayar masa matar gidan, Kulsumu, su wa da wa aka taɓa tura wa hoton yarinyar. Ta lissafa dangi. Ya rufe tebur ya bi su. Ya je Zurmi wurin yayar Bilyaminu. Ya je Jangeru wurin dangin Kulsumu, a motar 'yan kasuwa, a hanyar da kowa ke shiga da addu'a a baki. Wasu sun canza waya, wasu sun goge don wuri ya cika. Gida-gida ya bi yana bayanin kansa, yana faɗin abin da ya jawo, ga mutanen da ba su taɓa jin sunan wasan ba. A hanyar dawowa ya biya Shinkafi ya gaida mahaifiyarsa.

Ya dawo da 'yan hotuna da wani ɗan guntun bidiyo, Salma tana shan mangwaro ya ɓata mata riga, wani yana mata dariya. Hoton da uban ya fi so, na kayan salla, ba a same shi ba har yau. A gabana ya miƙa wa Bilyaminu. Bilyaminu ya kalla, ya sake kallo, ya sa wayar a aljihu, ya hau kekensa. Bai yi godiya ba, bai kuma yi zagi ba.

Saura wasan. A nan Nasidi ya fi shan wuya, don in ya cire mutuwar wayar, wasan ba shi da ƙarshe. Mutumin zai tsaya a tsakar gida ne kawai har batir ya ƙare. Ya ce mini ya yi tunanin goge shi gaba ɗaya ya huta.

"In na goge, Gwaggo, gidan ya tahi sau biyu. Na ƙasar ma damina biyu ta ishe shi ya zube."

Na ce masa ni ban ce ya goge ba. Gidan gaskiya ne, turmin gaskiya ne, labulen ma da ya manta launinsa gaskiya ne. Abu ɗaya ne ƙarya a ciki. To, da bunsurun.

Ya kwashe makonni yana fama, daga ƙarshe ya fitar da sabo. Ya cire mutuwar wayar. Ya rage surutunsa. Ya kuma yi hanyar komawa. Yanzu in ka yi sallama uku ba a amsa ba, kana da zaɓi. In ka shiga, ka ga abin da na gani, mutumin ya fito ya zauna a dakalin ƙofa, shi ke nan. In kuwa ka juya shi ya kama hanya, sai ya yi 'yan taku, sannan daga can cikin gidan muryar wata tsohuwa ta amsa sallamar, ta ce wane ne, a shigo mana. Mutumin ya tsaya cak, bai waiwaya ba. Wasan ya ƙare a nan.

Ya kai wa Alhaji Faruku, Alhaji ya yi shi har ƙarshe da gilashinsa a kan hanci, ya miƙa masa ya ce, "Zauna teburinka."

Samarin foli sun ce gem ɗin ya yi sanyi, na farkon ya fi zafi. Ba su yi ƙarya ba. Na farkon yana kama mutum a wuya, wannan ba ya yi. Da yawansu ma ba su san da muryar ba, don ba ya zuwa musu a rai su juya. Amma na ga wani ɗan dako daga ƙasar Zurmi ya ji ta, ya kifa wayar a cinya ya daɗe bai ɗago ba. Na ga kuma wata ɗaliba ta jefar da tata ta ce wallahi aljana ce. Dodon nan yana nan cikin rumbu, Nasidi ya ƙi cire shi, wai ya sha wahalar zana haƙoran. Ƙafar mutumin ma har gobe tana shiga katanga.

Mutane sun dawo teburinsa a hankali, ba duka ba. Tsohon wasan bai mutu ba, yana yawo a wayoyin da ba a san iyakarsu ba, har yanzu wani kan zo da baƙar waya a ruɗe. Nasidi kan yi mata sallama, ya goge tsohon, sannan ya nemi gafarar mai ita, ko yaro ne. Bilyaminu ya daɗe yana kai gyaransa wani wuri. Bayan babbar salla na ga ya tsaya, ya ajiye wayarsa a teburin ya ce ba ta shan caji, ya tafi ɗaukar fasinja ya bar ta a buɗe. Saƙo ya shigo. Nasidi ya kifa ta.

Muryar tsohuwar nan tawa ce. Ga yadda aka yi.

Yana tsakiyar gyaran wasan, wata rana da hantsi, ya zo ya tsuguna gefen murhuna yana taya ni tura itace, abin da bai taɓa yi ba. Na san da magana. Ya ce ya samo ƙarshen, amma yana bukatar wadda za ta amsa sallamar. Na ce ai Innarsa na nan da ranta a Shinkafi, gidanta ne, ita ta fi cancanta.

"Da niyyar haka na sake komawa wurinta," ya ce. "Ina zaune anka yi sallama a ƙofa. Tana kusa, ta ji, ba ta amsa ba, sai da matar kawuna ta fito daga ɗaki ta amsa. Na tambaye ta. Ta ce baƙo ba ya amsa sallamar gidan wani, tun da ta baro can ba ta ƙara yi wa kowa iso ba. Sai na kasa roƙonta."

Itacen ya kama, ya janye hannunsa. Ya ciro wayarsa ya ajiye a kan bencin tsakaninmu, bai danna komai ba tukuna.

"Ba ƙarya a ciki wannan karon, Gwaggo, zan rubuta cewa ke ce. Zan koma can bayan rumfa in yi sallama. Don Allah kada ki sa muryar ban tsoro, kada ki yi kamar a wasa. Ki bari sai na yi ta ukun, na fid da rai. Sannan ki amsa mini yadda za ki amsa wa ɗanki in ya dawo daga tafiya."